Rabin Ayaba a Gado na Biyar

"Mama, gaba suke yi da juna?"

Rediyo ta yi tambayar ne da muryarta ta kullum, wadda ake ji daga ƙofar gida ko da tana can ƙuryar ɗaki. Ta kuma yi ta daidai lokacin da ƙaramin likita ya sunkuya yana latsa mata ciki, sistar dare na tsaye a bayansa rungume da fayil.

Uwar ta zare mata ido. Bai yi aiki ba. Da ma bai taɓa yi ba.

"Su wa?" in ji likitan.

"Ku mana. Jiya wata ta tambayi Mama yaushe cibiyata ta fara ciwo, Mama ta faɗa. Wannan ma ta zo ta tambaya. Kai ma ga shi ka tambaya. In ba gaba kuke yi ba, me ya hana ka tambaye su?"

Sistar dare ta rufe baki da fayil, kafaɗunta na rawa. Likitan ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Muna magana, ƙawata. Kowa dai yana so ya ji da kunnensa ne."

"To ku taru ku ji sau ɗaya."

"Ka yi haƙuri, likita," uwar ta ce. "Babanta Rediyo yake ce mata. Har yau ba mu gano wajen kashewa ba."

Shekarun Rediyo biyar. Tun haihuwa cibiyarta ta fito waje kamar ƙwan zabuwa, aka yi ta cewa za ta koma da kanta, ba ta koma ba. A watannin nan sai ta fara murɗa mata ciki. Akwai ranar da cibiyar ta yi tauri, yarinyar ta yi ta birgima tana amai, sai da aka ruga asibiti aka lallaɓa aka mayar. Likitoci suka ce hanji ne ke leƙowa ta wata 'yar kafa, kuma ranar da ya maƙale ya ƙi komawa ba za a ji daɗi ba, gara a ɗinke kafar tun yanzu. Matsalar ita ce likitan da ke yi wa yara tiyata ba a nan yake zaune ba. Daga babban asibiti yake zuwa, ya yi yini guda ya koma, kuma tsakanin zuwa da zuwa watanni ne. Tun daga ranar da aka ruga asibiti Maman Rediyo ba ta ƙara barci mai nauyi ba. Ko tari yarinyar ta yi, hannun uwar ya kai kan cibiya kafin idonta ya buɗe.

Yau ce ranar zuwan likitan, kuma Rediyo na cikin waɗanda za a fara da su. Sharaɗi ɗaya aka kafa: kada komai ya shiga cikinta har a gama. Maman Rediyo ta ɗauki sharaɗin nan kamar amanar da aka damƙa mata a gaban shaidu. Ta kwashe biskit da madara daga lokar gefen gado ta ba maƙwabta, ita ma ta ƙi karyawa don kada ƙamshi ya tayar wa yarinya da hankali.

Ɗakin yaran dogo ne, gadaje a jere hagu da dama, an rubuta wa kowanne lambarsa da jan fenti a bango. Rediyo na gado na uku, dab da ƙofar banɗaki. A ɗaya ɓangaren, gado na biyar na jikin taga mai kallon titi. A nan wata tsohuwa ke jinyar jikarta, yarinya sa'ar Rediyo, mai shiru kamar ba ta ɗakin. Amai da gudawa ne suka kawo ta, ta yi kwanaki ana mata ƙarin ruwa, sai daren jiya aka cire. Kowa Kaka yake kiran tsohuwar, ita kuma tana kiran yarinyar Takwara, don sunanta aka sa mata.

Gari na gama wayewa masu aikin safe suka fara shigowa da jakunkunansu. Kamar yadda suka saba, suka shige ɗan ofishin da ke bakin ƙofa tare da masu aikin dare, suka turo ƙofa. A can ake miƙa aiki. Masu fita na zaune da takalma a hannu, idanu sun yi ja, suna karantowa da sauri: gado na ɗaya kaza, gado na biyu kaza. Masu shiga na rubutawa. Daga cikin ɗaki ba ka jin komai sai gunaguni da dariya jefi-jefi.

A daidai lokacin ne Kaka ta wuce gadon Rediyo karo na ba-adadi, tana dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da Takwara, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar kujera.

"Sannu, Kaka."

"Yawwa, 'yar nan. Ni dai da ni suka kwantar suka bar Takwara ta yi jinyata, da an fi yin daidai. Kafin mu kai banɗakin nan daga can, wallahi sai na ji kamar na je unguwa."

Rediyo kuwa tun ɗazu ta fara waƙar yunwa. Ta tambayi ko ruwa abinci ne. Ta tambayi ko lasar cokali ci ne. Ta ce tana jin ƙamshin burodi daga wani waje, a bar ta ta je ta duba kawai. Maman Rediyo ta dubi tagar can, inda motoci da masu keke ke ta wucewa, ta dubi gwiwoyin Kaka, sai dabara ta faɗo mata, dabara mai kyau irin wadda ke warware matsala biyu a tashi ɗaya.

"Kaka, mu yi musanya mana. Ku dawo nan kusa da banɗaki, mu kuma mu koma taga. Wannan ta samu abin kallo ta ƙyale ni da zancen burodi."

"Allah ya yi miki albarka. Ke kam an yi miki tarbiyya."

Kafin ƙofar ofis ta buɗe sun gama. Zanin gado, filo, bokiti, flas, takalman roba, kowa ya kwashi nasa. Maman Rediyo har ta goge wa Kaka loka da tsumma. Rediyo ta durƙusa a kan sabon gadonta, ta manna hanci a gilashi tana ba da rahoton duk abin da ya wuce: ga mai kaya ya kusa faɗuwa, ga wata mota ba ta da ƙofa. Ba ta sake ambaton abinci ba. Uwar ta ji daɗin kanta ƙwarai.

Saura abu ɗaya. Jiya an rubuta mata kayan da za ta karɓo a kantin magani na ƙasa kafin a shiga tiyata, ta je ta tarar an rufe. Tana jiran mijinta ne ya iso ya karɓe ta. Ta leƙa baranda sai ga shi yana hawowa bene da leda a hannu, da rigar aikinsa ta gyaran firiji, ashe ko shago bai buɗe ba.

"Yawwa, Baban Rediyo. Tana ciki, mun koma bakin taga. Ka kula da ita, yanzu zan dawo."

"Yaya ta kwana?"

"Lafiya lau. Bari in yi sauri kafin layi ya yi tsawo."

Layi ya riga ya yi tsawo. Ta tsaya a bayan wani mutum mai gardama a kan kowace ƙwayar magani, ta tsaya har ƙafarta ta yi sanyi, sannan ta karɓi kayanta ta hawo da gudu-gudu.

Abin da ta fara gani tun daga ƙofa ɓawon ayaba ne a kan loka.

Rediyo na zaune a cinyar babanta, kumatu a cike, ragowar ayabar a hannunta. Baban yana ta murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran yabo.

Ba ta san lokacin da ta isa gadon ba. Ta fizge ayabar, ta tara hannu a bakin yarinyar.

"Tofar. Tofar da ita."

"Na haɗiye," in ji Rediyo, ta buɗe baki ta nuna.

Maman Rediyo ta juya ga mijinta. Ta yi ƙasa da murya saboda mutane, amma kowace kalma ta fito da kaifinta.

"Me ka yi haka? Ba ka san tiyata za a yi mata ba?"

"Na sani mana. Don ke na kawo ayabar ma. Sai sistar can ta zo wucewa ta ce a fara ba ta abinci kaɗan-kaɗan. Na ce mata, Sista, ba an ce kada ta ci komai ba? Ta duba takardarta ta ce gado na biyar ko? Likita ya ce yau a fara ci. To ni wane ne da zan yi musu da likita? Na ɗauka sun canza shawara ne."

"Ni ma na ce Mama ta hana," Rediyo ta sa baki. "Baba ya ce Sista ta fi Mama sani."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce."

Maman Rediyo ta tsaya da rabin ayaba a hannu. Wace sista? Wane likita? Ba ta gama haɗa zancen ba aka turo gadon tiyata mai taya cikin ɗakin. Mai tura gado na gaba, a bayansa sistar tiyata sanye da koren kaya da hula, doguwa, ba ta da alamar gaggawa. Suka wuce taga ko kallo ba su yi ba, suka tsaya a gado na uku.

"Sannu, Kaka. Mun zo ɗaukar 'yar gidanki. Yaya sunanta?"

Kaka ta faɗi sunan. Sistar ta dubi fayil ɗin hannunta, ta sake duban yarinyar.

"Sunan mahaifinta fa?"

Kaka ta faɗa.

"Me aka ce miki za a yi mata?"

"Ni ba a ce min za a yi mata komai ba. Ni abin da na sani, jiya likita ya ce yau za ta fara cin abinci. Na haɗa mata shayi, wata mai farin kaya ta zo ta ɗauke kofin ta ce azumi take. Na ce azumin me, yarinyar da ta yi kwanaki cikinta ba komai? Ina za ku kai ta da wannan gado?"

"Ba inda za mu kai ta," in ji sistar tiyata. Ta ɗaga rigar Takwara ta dubi cibiya, lafiyayya, a lotse. Ta sauke rigar ta juyo ga ɗakin gaba ɗaya, ta kira suna.

Sunan Rediyo ne, na gaskiya, wanda ba a cika ji ba sai a makaranta.

A nan komai ya faɗo wa uwar a lokaci guda. Sistar safe ba ta taɓa ganin yaran nan ba, yau ta dawo daga hutu. A ofis an gaya mata na uku azumi da tiyata, na biyar a fara ci. Ta fito ta yi abin da aka ce mata daidai, ba ragi ba ƙari. Gadajen suna nan inda aka bar su. Yaran ne suka tashi.

"Ga ta nan," Maman Rediyo ta ce. "Mun yi musanyar gado ne da safe."

Sistar tiyata ta taho. A ɗan tsakanin nan, kafin ta ƙaraso, hannun Maman Rediyo ya yi wani abu da kansa: ya tura ɓawon da rabin ayabar cikin leda, ya goge bakin yarinyar da gefen mayafi. Mijin ya matso kusa da kunnenta.

"Rabi ne fa kawai," ya ce a hankali. "In aka ji za a fasa."

"Ayaba ai ba abinci ba ce," Kaka ta taya daga can, don kunnenta ya fi gwiwarta lafiya. "Kafin ku kai ƙofa ta narke."

Za a fasa. Maman Rediyo ta ga watannin da ke gaba a jere, ta ga kanta zaune a bakin gado tana taɓa cibiya, tana lissafin nisan asibiti. Ga likita ya zo, ga gado mai taya a gabanta, ga kayan da ta sha layi ta karɓo. Rabin ayaba. Abin da ko cikin kyanwa ba zai cika ba.

Sistar tiyata ta tambayi suna, aka faɗa. Sunan mahaifi, aka faɗa. Me za a yi mata? Cibiya. Akwai maganin da jikinta ba ya so? Babu. Tana tambaya tana duban fuskar uwar, da murya ɗaya, kamar wadda ta yi tambayoyin nan sau dubu kuma za ta sake yin dubu ba tare da ta tsallake ko ɗaya ba.

"Yaushe rabonta da ci ko sha?"

Rediyo ta buɗe baki. Uwar ta dafa kanta.

"Bari, ni zan faɗa." Ta zaro ledar ta buɗe. "Yanzun nan ta ci rabin wannan. Ina ƙasa."

Sistar ta leƙa ledar, ta gyaɗa kai.

"Kin kyauta da kika faɗa. In an sa mutum barcin tiyata, maƙogwaronsa ma barci yake yi. In akwai abu a ciki yana iya tasowa ya gangara huhu, kuma ba ya tambaya ko rabi ne ko guda. Yanzu kam ba za ta shiga ba."

"An fasa ke nan?"

"Ban ce ba. Ba ni ke yankewa ba. Ku jira ni."

Ta fita, mai tura gado ya bi ta da gadonsa babu kowa a kai. Baban Rediyo ya zauna a bakin katifa ya zuba wa takalmansa ido.

Ba a jima ba babbar sista ta shigo, mace mai jiki da tabarau a rataye a ƙirji, wadda in ta shigo ɗaki har masu kuka sukan sassauta. Sistar safe na biye da ita, yarinya ce ƙarama, idonta ya cicciko. Kafin kowa ya yi magana ta ɗauko kofin shayi ta kai wa Kaka da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, Kaka. Ki ba ta."

"Ya huce ai. Amma kawo, Takwara ba ta da zaɓi, ni ta gado."

Babbar sista ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ji bayanin kowa, ba ta katse kowa ba, har da Rediyo, wadda nata bayanin ya fi na kowa tsawo kuma ya haɗa da motar da ba ta da ƙofa.

"To," ta ce daga ƙarshe. "Maman yarinya, gadon asibiti ba kujerar mota ba ce da za ki ce wa maƙwabciya dawo nan ni in koma can. Da kin leƙo kin faɗa, da ni da kaina zan taya ku ɗaukar bokiti."

"Na yi kuskure, Sista."

"Kin yi. Mu ma mun yi, namu ya fi girma. Yara aka ba mu, muka shiga ofis muka rufe ƙofa muna miƙa wa juna gadaje." Ta dubi sistar safe. "Share idonki. Abin da aka ba ki shi kika riƙe. Ba a ba ki daidai ba ne."

"Ranki ya daɗe," Baban Rediyo ya ce, "ni fa na tambaya."

"Ka tambaya, na ji. Gobe in an ba ka amsar da ta saɓa wa ta matarka, ka sake tambaya. Yawanci ita ce da gaskiya."

"Haka take faɗa kullum."

Babbar sista ta tafi ɗakin tiyata da kanta. Maman Rediyo ta zauna tana ninke mayafi tana warwarewa. Da ta dawo, tare suke da likitan da ke sa barci, wani siririn mutum mai furfura a gemu. Ya tambayi girman ayabar, aka nuna masa ragowar. Ya tambayi lokacin, aka faɗa. Ya dubi Rediyo.

"Da daɗi?"

"Ba ta gama nuna ba."

"Kin ga asara biyu ke nan." Ya juya ga uwar. "Yaran yau da yawa, aikin zai kai mu yamma. Mun mayar da ita ta ƙarshe, kafin nan cikinta ya sauka. Likitan tiyata ya ce zai jira, ko da zai yi tafiyar yamma. Amma daga yanzu ko yawun wani kada ta haɗiya. In aka sake, sai wani zuwan."

Maman Rediyo ta miƙe tsaye. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta ɗauki ledar ayaba gaba ɗaya ta miƙa wa mijinta.

"Kai wa masu gadi."

"Ke fa? Ba ki karya ba."

"Kai musu."

Yinin ya yi tsawo. Rediyo ta ƙirga motoci har ta gaji, ta koya wa Takwara wata waƙar makaranta daga nesa, ta yi kuka kaɗan, ta yi barci. Da rana ta take, masu aikin rana suka iso suka nufi ofis kamar kullum, sai suka tarar da babbar sista tsaye a ƙofar ta tokare ta da jikinta.

"Yau a ɗaki za mu yi. Gado-gado."

"Sista, ai sai mu kai magariba," wata daga cikinsu ta ce.

"Sai mu kai."

Suka taho a ayari, masu fita da masu shiga. A kowane gado babbar sista ta sa a bi hanya ɗaya, ba a yarda kowa ya fara ta inda ya ga dama ba. A fara da sunan yaro, a tambayi mai jinya ko haka ne. A faɗi abin da ya kawo shi, abin da aka yi masa yau, abin da ya rage a yi, da abin da za a sa wa ido. Sannan mai karɓa ta maimaita da bakinta, mai bayarwa ta ce haka ne. A gadajen farko sai tuntuɓe suke yi, wannan ta manta abin da ya rage, waccan ta fara da zazzaɓi kafin suna, a mayar da ita baya. Wata uwa ta gyara musu lokacin allurar ɗanta. Kafin su kai tsakiyar ɗaki abin ya fara zama a bakinsu.

A gado na biyar sistar safe ta gyara tsayuwa ta faɗi sunan Rediyo cikakke.

"Haka ne, Mama?"

"Haka ne."

"Cibiya ce ta kawo ta. Da safe ta ci rabin ayaba bisa kuskure, an sanar da masu tiyata, an mayar da ita ta ƙarshe. Ba ci ba sha har a zo ɗaukarta. In cibiyar ta yi tauri ko ta fara amai, a kira likita nan take."

Sistar rana, wadda ta yi ƙorafin magariba, ta maimaita tiryan-tiryan.

"Kin manta ba ta nuna ba," in ji Rediyo.

"Ba ta nuna ba," sistar rana ta ƙara, fuskarta a ɗaure, sauran suna ƙunshe dariya.

Rana ta yi sanyi sosai kafin gado mai taya ya dawo. Wannan karon taga ya nufa kai tsaye. Duk da haka sistar tiyata ta sake tambayoyinta daga farko, kamar ba ta taɓa ganinsu ba, kuma Maman Rediyo ta amsa kowacce da ƙarfinta. Ta bi gadon har ƙofar da aka ce iyakarta ke nan. Abu na ƙarshe da ta ji kafin ƙofar ta rufe shi ne muryar 'yarta tana tambayar likitan barci ko shi ma in zai yi barci allura yake yi wa kansa.

Suka zauna a benci ita da mijinta. Ya sayo mata shayi da burodi, ta ce ba ta iya ci, sannan ta cinye tas ba ta sani ba. Ba a kai ga kunna fitilun baranda ba likitan tiyata ya fito da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a gabansu ya ce an gama, kafar ƙarama ce, an ɗinke, yarinya ta farka har ta fara magana.

"Ta fara magana?" in ji Baban Rediyo. "To lafiya ta samu."

Da aka dawo da ita ɗaki, da 'yar farar auduga manne a ciki, sistar tiyata ta miƙa ta ga sistar rana a bakin gado, a gaban uwar, a kan tsarin ɗazu. Maman Rediyo ta kasa kunne ta haddace. Da aka ce ta je ta watsa ruwa ta huta kaɗan, ta miƙe ta ɗauki bokiti, ta tsaya a gaban mijinta.

"Wace ce wannan?"

"Haba, Maman Rediyo."

"Wace ce?"

"'Yata ce."

"Me aka yi mata, me ya rage?"

Ya yi ajiyar zuciya, ya ƙirga da yatsu. An yi mata aikin cibiya. Ruwa kaɗan-kaɗan da cokali, abinci sai sista ta zo ta kira sunanta ta ce a ba ta. Kada ta taɓa audugar. In ta yi amai ko audugar ta jiƙe, ya kira sista.

"In wani ya zo ya ce gado na biyar kaza fa?"

"In ce masa gadon ba ya cin abinci, ya faɗi sunan yarinya."

"Ɗan nan ya yi hankali," in ji Kaka daga bakin banɗaki. "Je ki wankanki, ina kallonsa."

Ke da za ki kwana a asibiti da ɗanki, wannan naki ne. Kada ki matsar da shi daga gadon da aka ba shi, ko don tausayi ko don iska, sai kin gaya wa mai aiki ta sani. Lokacin canjin aiki kada ki tafi ko'ina, ki tsaya a bakin gadon ki ji abin da mai fita ke gaya wa mai shiga. Duk wanda ya zo da magani, ko allura, ko izinin ci, ki sa ya faɗi sunan yaron da bakinsa kafin ki miƙa masa hannu. In kuma an tambaye ki ko ya ci wani abu kafin tiyata, ki faɗi gaskiya ko loma ɗaya ce, ko da za a fasa. Ranar tiyata ana sake sa wata. Yaron ba a sake ba ki wani.